Inna, Ɓerayena da Matar Tursa

Shekara goma ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Wata Talata bayan la'asar muka kai ta makwancinta a Wurno, amma har yau idan na isa gidanmu sai na tsinci kaina ina gyaran murya a bakin zaure, ina jiran a ce daga ciki, "A ce ma wancan shi shigo." Wancan ɗin ni ne. Ni ne ɗanta na fari, kuma a shekara arba'in da bakwai da muka yi tare a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ma ba zan rubuta nata a jarida ba, kuma kada a ce ramawa nake yi. Inna Ungozoma mutanen unguwarmu suke ce mata, wannan ya ishe mu.

Yaran yanzu, musamman na birni, sai na ɗan yi muku bayani. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye sai abin ya zama dole. Wasu matan sukan sassauta idan yaro ya girma. Inna ba ta san wani abu wai shi sassauci ba. Idan muna tsakar gida mu biyu rak, tana son a miƙo mata ludayi, sai ta dubi randa ta ce, "Da akwai mai hankali gidan ga, da an miƙo min ludayi." Na tashi ina zaton duk uwayen duniya da randa suke shawara. Ƙannena shida kuwa ta kira su da sunayensu, ta zage su, ta rungume su, duk a gabana. Ba zan ɓoye muku ba, ina yaro abin ya ci mini rai ƙwarai. Sai da na yi wayo na lura cewa tsokar naman da nake tararwa a ƙarƙashin tuwona ba ta zuwa kwanon kowa.

Da na yi aure sai randa ta samu hutu. Matata Luba, 'yar Goronyo, ita ta gaji aikin. Inna za ta yi magana ina zaune a gabanta, ina jin kowace kalma, amma sai Luba ta juyo ta maimaita mini, wani lokaci har da ƙarin gishirinta. Ni ma in ba da amsa ta wurin Luba. Haka muka yi shekaru, mutum uku a tabarma ɗaya, ana aika saƙo daga wannan gefe zuwa wancan.

To ga inda Allah ya nuna ikonsa. Inna ungozoma ce ta gaske. Rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, kuma har Tursa, can ƙasar Rabah inda dangin uwarta suke, akan aiko a ɗauke ta idan haihuwa ta zo da gardama. Da tafin hannu take gane kwanciyar ɗa. Sai aka ba ta ɗan fari wanda shi ma mahaifa ce sana'arsa, sai dai ta ɓera.

Aikina a jami'a shi ne binciken yadda mahaifa ke girma. Akwai wani sinadari a jikin mace da ake kira isturojin, shi ke ba mahaifa umarni ta kumbura, ta yi kauri, ta gyara shimfiɗa ko da baƙo zai zo. Amma ba shi kaɗai yake aikin ba. Yana da 'yan aike ƙanana da jiki ke ƙerawa daga mai, irin man da ke cikin naman kowane mai rai. Su ke gaya wa jijiyoyin jini su buɗe, su ke sa ruwa ya taru, su ke sa tsokar mahaifa ta matse ko ta saki. Wasu suna zuga girman, wasu suna taka masa burki. Ko ciwon marar da 'yan mata ke fama da shi duk wata, da hannunsu a ciki. Don in gane wane ne ke yin me, sai in ɗauki 'yan fararen ɓeraye mata in yi musu allurar isturojin, wasu in ƙara musu maganin da ke toshe bakin 'yan aiken, bayan 'yan kwanaki in fiɗe su in ɗora mahaifarsu a kan wani ɗan sikeli mai tsoron iska. Mahaifar ɓera ba ta fi silin taliya biyu ba. Da wannan aikin na ci na sha, na yi aure, har na je Makka.

A Wurno kuwa Dakta ake ce mini, kuma ban taɓa samun zarafin gyara wa kowa ba. Duk sallah sai an kawo mini yara masu zazzaɓi da tsofaffi masu ciwon gwiwa, ni kuma in yi ta tura su asibiti ina gumi. Inna ta yi shekaru tana ɗaga kai da ɗanta likita, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Ranar da Luba ta zaunar da ita ta bayyana mata ainihin abin da nake yi, ina wurin. Mu a Wurno kusu muke ce wa ɓera. Sai Inna ta ce, "Kusu? Kusu dai da munka sani?" Luba ta ce shi fa. Ta ce, "Tambaye shi, haihuwa shika karɓa musu ko mi?" Luba ta juyo ta tambaye ni, fuskarta a ɗaure kamar gaske. Na ce a'a, aunawa nake yi. Inna ta dubi rumbun gero ta ce, "Ce mashi ga su nan cike da rumbu, shi zo da buhu. Mu ma mu huta."

Abu ɗaya ne ya ɗan wanke ni a idonta. Inna mace ce mai jiki, Allah ya yi mata shi a wadace, kuma tsakaninta da man shanu akwai amana. Matan Fulani da ke kawo nono sun san ƙofarta kafin ta kowa. Ta daɗe tana gaya wa matan da take duba wa cewa mace marar maiƙo mahaifarta a bushe take. Da Luba ta ce mata ai bincikena ma ya nuna mai yana da ta cewa a sha'anin mahaifa, sai ta gyara zama. "Shekara nawa yay yi kahin shi gano wanga?" Aka ce wajen goma sha biyar. Ta ce, "Allah sarki. Da ya aiko ki kin tambaye ni." Na so in yi bayani cewa ba man da ake zubawa a tuwo nake nufi ba, Luba ta harare ni, na haɗiye.

Yanzu sai in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara bakwai kafin rasuwarta, bayan an kwashe albasa, muka je gida ni da Luba. Da hantsi ne, Inna tana ɓarar wake a inuwar ɗakinta. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce wa Luba, "Akwai wata macce Tursa. Tsohuwa ta, jini ya ɗauke mata hiye da shekara goma. Yanzu ya dawo kaɗan-kaɗan. An tambayi matar liman, tac ce jinin ciwo na, ta yi tsarki ta yi sallarta. Tambaye shi, ana ganin haka wurin kusu?"

Jama'a, ku ji tausayina kaɗan kafin ku zage ni. Shekarata arba'in a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da mahaifiyata ta nemi wani abu daga cikin ilimina. Kaina ya yi girma har hulata ta matse. Na gyara babbar riga, na samo tsinke, na fara zane a ƙasa. Na yi wa Luba bayanin da ban taɓa yi wa ɗalibaina irinsa ba. Na ce idan mace ta tsufa, ma'ajiyar ƙwanta takan daina ba da isturojin, amma kitsen jiki yakan ci gaba da ƙera ɗan kaɗan. Idan mace mai jiki ce, wannan ɗan kaɗan ɗin yakan isa ya yi ta ba shimfiɗar mahaifa umarnin girma, alhali babu sauran mai ce mata tsaya. Na shiga batun 'yan aikena na mai, na zana su da kibiyoyi, na bayyana waɗanda nake zargi da zugawa. Kaji suka zo suka tattake rabin zanen, na sake shi. A ƙarshe, kamar wanda ya tuna ya bar buta a masallaci, na ce sau da yawa ba wani abin tsoro ba ne, amma wani lokaci farkon ciwon daji ne, saboda haka a ce wa matar ta je asibiti. Sannan na tambaya ko mai jiki ce. Inna ta ce, "Tana da abin da Allah ya ba ta." Na gyaɗa kai irin na manyan masana, na koma birni ina jin daɗin kaina.

Bayan wata guda muka dawo. Matar Tursa ba ta je asibiti ba, yanzu kuma har da ciwon baya. Na ce ai mutanen ƙauye sai haƙuri. Wata na gaba aka ce matar tana tsoron a kwance mata zane a gaban namiji. Na ce jahilci ne, kuma na faɗe shi da ƙarfi. A zuwa na huɗu, wata huɗu da fara maganar, Inna ta ƙara bayani, tana tankaɗen gari: matar tana da 'ya'ya bakwai, tana son man shanu, kuma ɗanta na fari ɗan boko ne, "karatu kamar mi, amma babu wayo ko na sisin kwabo." Wallahi tallahi, ni ɗin nan da ke rubuta muku wannan, na girgiza kai na ce wa Luba, "Irin waɗannan yaran su ke ɓata mana suna. Uwarka tana ciwo kana ina?" Inna ta ajiye rariya ta dubi sama, ta daɗe tana kallonta.

Mun bar Wurno kaɗan a hanyar komawa Luba ta ce in tsaya. Na gangara gefen titi kusa da wata gonar dawa. Ta ce, "Malam, digiri nawa gare ka?" Na ce uku, ai ta sani. Ta ce, "To ka ajiye su ka saurare ni. Yaushe rabon Inna da Tursa? Shekara biyu ke nan ƙafa ta hana ta. 'Ya'ya bakwai na wa? Kuma yau da na shiga ɗakinta ɗauko tabarma, na ga tsummoki wankakku an shanya su bayan gado, inda rana ba ta kaiwa. Mace mai shekarun Inna mi za ta yi da su?" Ta ce ita ma ta yi wata biyu tana zargi, amma surukuwa ce, bakinta ya yi nauyi, tana ta jiran mai digiri ya farga.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba. Wata huɗu! Ni na san abin da wata huɗu ke nufi ga abin da ke girma a mahaifa, sanin da babu wani a duk ƙasar Wurno da ya kai ni. Mahaifiyata ta zo mini da ciwonta ta hanya ɗaya tilo da al'adarta ta bar mata, har ta zana mini kaina da kaina, ni kuwa na tsaya ina yi wa kaji lacca. Na ce mu koma yanzu in gaya mata gaskiya ƙiri-ƙiri. Luba ta ce idan na kuskura na nuna na gane, Inna za ta rufe bakinta har kabari, kuma ko da igiya ba za a kai ta asibiti ba. Ta ce tunda matar Tursa ce ba ta da lafiya, matar Tursa za mu kai.

Muka juya. Inna ta gan mu ba ta tambayi abin da muka manta ba. Na tsuguna nesa kaɗan, na dubi Luba na ce, "Ki gaya ma Inna, ranar Litinin zan zo da mota a kai matar nan ta Tursa asibiti. Amma likitocin yanzu ba su duba tsohuwa sai da ungozomar da ta san ciwon tun farko. Sai Inna ta daure ta raka ta." Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, da hannuna na ƙera ta. Luba ta maimaita. Inna ta murza gefen zanenta. Ta ce, "Likitar macce ta?" Na ce mace ce, alhali a lokacin ban ma nemo ta ba. Ta ce, "To. Ce mashi sai na ji ta bakin mai ciwon."

Kwana huɗun da suka rage kafin Litinin ban san me na ci ba. Litinin da sassafe muka iso, ina ta addu'a a zuci. Sai ga Inna zaune a bakin ɗakinta ta yi wanka ta sha lulluɓi, gefenta ƙullin kaya, buta, tabarmar salla, da gwangwanin man shanu an ɗaure bakinsa da tsumma. Kayan mai rakiya na yini ɗaya ba su kai haka ba, amma wa zai tanka? Ta shiga bayan mota, ta matsa can gefe ta bar wurin mutum ɗaya. Ta ce wa Luba, "Tac ce mu biyo ta Rabah, tana jiranmu tasha."

Rabah ba kan hanyarmu take ba. Na buɗe baki, Luba ta taka mini ƙafa, na karya kan mota. Muka isa tashar Rabah, na tsaya a gindin wata bishiya na kashe inji. Mu uku, manya masu hankali, muka zauna muna jiran matar da dukanmu mun san babu ita. Duk babur ɗin da ya shigo da tsohuwa a baya sai Inna ta leƙa ta taga ta ce, "Ba ita ba ta." Luba ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ni kuwa don in samu abin yi da hannuna na fita na sayo ƙosai, kuma Allah shaida ne, na mutum huɗu na saya. A nan ne na gane ba wasa Inna take yi ba. Tsoro take ji, tana neman 'yan mintocin da za ta tattara zuciyarta, kuma ba ta da wata hanyar roƙonsu. Bayan kamar rubu'in awa ta sauke numfashi ta ce, "Mutanen Tursa ba su da alkawali. Mu tahi, ni in gaya ma likita da bakina."

Likitar da na samo yarinya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ta uku ba. Luba ta shiga da Inna, ni na zauna a benci a waje. Da suka daɗe sai likitar ta fito tana share ido da gefen mayafinta. Na zata kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta ce tunda take aiki ba ta taɓa jin bayanin ciwo mai tsari irin na wannan tsohuwa ba, rana da wata da launi da yawa, sai dai duk a kan wata mata ce da ba ta zo ba. Da ta ce to ai sai an duba mai ciwon, sai Inna ta hau gado da kanta ta ce, "Duba ni, ɗiyata. Jikinmu iri ɗaya na." Daga nan likitar ta daina dariya. Ta ce shimfiɗar mahaifar ta yi kauri fiye da kima, ta ɗebi kaɗan za a gwada. Gwaji ya fito da abin da nake tsoro. Aka sa ranar tiyata, za a cire mahaifar gaba ɗaya.

Ranar tiyatar, bayan azahar, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ina ɗan'uwan marar lafiya. Na tashi. Ta miƙo mini wani ɗan bokitin roba mai murfi da takarda, ta ce in kai ɗakin gwaji a can ƙarshen baranda, su za su faɗa ko ciwon ya ƙetare bango. Na karɓa kafin in gane abin da na karɓa. Na ɗora ɗaruruwan mahaifu a sikeli ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Wannan kuwa na rungume ta da hannu biyu ina tafiya a hankali, mutane suna kauce mini. A cikinta na yi wata tara, kafin a san za a yi kunyata. Na kai tsakiyar barandar kuka ya ƙwace mini, irin na yara, mai sauti. Wani dattijo da ke zaune da ƙafa a naɗe ya ce, "Haƙuri, Alhaji, mi ad ciki?" Na wuce da kayana a ƙirji.

Da Inna ta farfaɗo washegari, inda aka kai mahaifar ta fara tambaya. Ungozomar da ba ta taɓa bari an yar da mabiyiyar kowa ba, sai an binne ta yadda ya kamata, ba za ta yarda a wulaƙanta tata mahaifar ba. Luba ta ce kada ta damu, ba baƙo ya ɗauka ba, ni na kai da hannuna. Ina tsaye a bakin ƙofa. Inna ta juya fuskarta bango. Sannan ta ce, "To, ba komi. Shi ya fara zama cikinta, ai shi ya kamata shi ruhe ɗakin." Luba ba ta maimaita mini wannan ba, kuma ban nema ba.

Sakamako ya zo bayan kwanaki: ciwon bai ƙetare bango ba. Ban san wane alheri na taɓa yi da Allah ya rufa mini asiri haka ba, don ba wayona ba ne. Inna ta ƙara shekara bakwai a duniya, ta ga auren jikokinta biyu, kuma wani ciwon dabam ne ya ɗauke ta, na kwana uku. Matar Tursa kuwa ba ta taɓa yin ritaya ba. Duk zuwanmu sai an ba mu labarinta, ta ji sauƙi, ɗinkin ya warke, tana gaida mai kusu. Da Luba ta tuna mata cewa likita ta ce a rage maiƙo, Inna ta zuba cokali na biyu a tuwonta ta ce, "Waccan anka ce ma. Ni ba a ce min komi ba."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yata ta biyu tana karatun jinya, kuma tana ɗora bidiyo a waya tana yi wa mata bayanin al'ada da sankarar mahaifa, sunan kowane abu a bakinta tsirara, a gaban duniya. Takan kira ni ta tambaye ni abubuwan da ni, ubanta mai furfura, sai na fita waje kafin in amsa. Ina jin Inna za ta fara da salati, ta ce duniya ta ƙare, sannan ta aika a kira yarinyar a ɓoye ta gyara mata inda ta yi kuskure. Hanyar Tursa kuma yanzu ba a binta yadda aka ga dama. 'Yan bindiga sun sa dangin uwar Inna da yawa sun watse, wasu Rabah, wasu birni. Wannan kam na gode Allah da bai nuna mata ba, don da ya karya mata zuciya. Game da aikina, har yanzu ina tare da ɓerayena. 'Yan aiken nan na mai sun fi yadda muka zata yawa, kowace amsa sai ta haifi tambaya uku. Na san abin da za ta ce a kan wannan, kuma randa za ta gaya wa.

Akwai abokan aikina da idan na ba su labarin nan sai su ce kunya ce ta kusa kashe ta, a yi maza a kawar da irin wannan al'ada. Ba na musu cewa ta ci mana wata huɗu, kuma ba na fatan 'ya'yana mata su gaje ta har haka. Amma ni da na zauna a tabarmar na san rabon laifi. Inna ta yi magana. Sau huɗu ta yi, kowane karo ta ƙara buɗe ƙofar kaɗan, har ta kai inda mace irinta ba ta iya wucewa. Wanda bai ji ba shi ne wanda aka biya wa kuɗin makaranta. Ban gaji hannunta na ungozoma ba, ban gaji haƙurinta ba, jikin ma ƙanwata ce ta kwashe. Abin da ta bar mini kunne ne, kuma sai da na kai shekara arba'in ta samu ta huda shi.

Watan jiya muka je suna a Giyawa, wajen dangin Luba. Bayan an ci an sha, wata gwaggonta, tsohuwa mai jiki da ban taɓa yin doguwar magana da ita ba, ta sa aka kira ni gefe. Ta gaishe ni da Dakta, ta tambayi hanya, ta tambayi yara, ta dubi ƙasa. Sannan ta ce akwai wata maƙwabciyarta, tsohuwa, da wani ɗan abu ya dawo mata bayan shekaru, ko ina da maganin da za a aika mata. Akwai tsinke a kusa da ƙafata, ban ɗauka ba. Na ce, "Gwaggo, likitar macce ta, kuma Luba za ta shiga da ita. Wace rana maƙwabciyar taki za ta iya shiga mota?"

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Ta ce, "Laraba."